Shagon marigayi a Alabar: yaya za a yi masa kuɗi, kuma wa za a biya haraji?

Sani Alabar:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar mahaifinmu, kuma na zo muku da maganganu biyu da suka hana gidanmu sakat. Baba ya bar shagon atamfa da shadda a Alabar, cikin birnin Kumasi na Ghana, inda ya shafe fiye da shekara talatin yana ciniki. Mu bakwai ne 'ya'yansa, maza uku mata huɗu, ga kuma mahaifiyarmu. Babban wanmu, wanda tun yana saurayi yake tare da Baba a shagon, yana so ya riƙe wurin ya biya kowa rabonsa, kuma babu wanda ya ƙi hakan. Inda aka samu saɓani shi ne kuɗin da za a yi wa shagon. Yaya yana cewa a ƙirga turamen da ke kan kanta, a yi musu kuɗi yadda aka saro su, shi ke nan. Yayata da ke aure a Nima kuwa ta ce wurin kansa da masu sayen da suka saba zuwa su ma dukiya ne, kuma ba za ta sa hannu a kan rabon da ya bar su a waje ba.

Magana ta biyu ta fi gaggawa. Jiya Litinin wani mutum ya shigo shagon da riga gogaggiya, da kati rataye a wuya, da fayil a hammata, ya ce daga ofishin haraji yake. Ya ce ana bin Baba sidi 18,000, kuma ranar Juma'a za su zo da kwaɗo su rufe shagon, amma saboda tausayin marayu, idan aka tura masa sidi 3,000 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, zai gyara fayil ɗin maganar ta mutu. Yaya har ya ɗauko waya, ni na roƙe shi ya dakata. Ina neman shawararku kafin Juma'a.

Hajiya Mariya Kejetia:
Wa alaikumus salam. Sani ɗana, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Maganar kuɗin shago za mu zo gare ta a nutse, amma wannan mai katin kada ku ba shi ko kwabo. Irinsu suna bibiyar gidajen rasuwa ne, domin sun san wanda ya san sirrin takardun ya kwanta dama, waɗanda ya bari kuma hankalinsu a tashe yake. Ka tambayi kanka yadda aka yi bashin da ya shekara yana barci ya farka daidai bayan sadakar arba'in.

Fati mai MoMo:
Yaya Sani, Allah ya ba ku haƙuri. Shekarata shida ina zaune a rumfar tura kuɗi a Aboabo, kuma akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da za ka yi ba tare da ka kashe komai ba. Ka shigar da lambar da ya ba ku kamar za ka tura kuɗi, ka tsaya a wurin da waya take nuna sunan mai karɓa kafin a sa lambar sirri, ka karanta sunan, sannan ka fasa. Idan sunan mutum ne ya fito, magana ta ƙare, domin kuɗin gwamnati ba ya shiga wayar wani. Idan ya sake kira kuma ya ce ka amince da wani saƙo da zai shigo wayarka, ko ka karanta masa lambobin da aka turo, ka kashe wayar. Akwai lamba 292 ta hukumar tsaron intanet ta ƙasa, wadda ake kai ƙarar irin wannan damfara, kuma yana da kyau ku ajiye lambarsa da lokacin da ya kira.

Sani Alabar:
Fati, na gwada yanzun nan. Sunan wata mace ne ya fito, ba ma sunan da ke jikin katinsa ba.

Malam Yakubu Akanta:
Allah ya jiƙan Alhaji. Abin da Fati ta nuna ya isa hujja a kan mutumin, amma bai isa hujja a kan bashin ba, kuma a nan nake so ka natsu, Sani. Ɗan damfara yana iya yin ƙarya a kan adadi alhali akwai ainihin bashi a ƙasa. Saboda haka gobe da safe kai da yayanku ku tafi da ƙafarku ofishin hukumar haraji ta ƙasa, wato GRA, da ke kula da yankinku, ku riƙe katin ɗan ƙasa na marigayi, wato Ghana Card, da takardar shaidar rasuwa da duk rasit ɗin da kuka samu a durowarsa. Tun watan Afrilu na 2021 lambar da ke jikin Ghana Card ita ce lambar mai biyan haraji ga ɗaiɗaikun mutane, don haka da ita za a buɗe bayanansa a kwamfuta, ku ga abin da ya biya da abin da ya rage.

Akwai abin da yake rikita mutanenmu da yawa, shi ne ɗaukar duk kuɗin da hukuma ta karɓa a matsayin abu guda. Tikitin kasuwa da lasisin buɗe shago na shekara kuɗin majalisar birni ne, wato KMA a wurinku, ko majalisar Asokore Mampong ga waɗanda ke Aboabo da Sawaba. Harajin kuɗin shiga kuwa na GRA ne, hukumar da aka kafa a 2009 bayan an haɗe hukumar harajin cikin gida da ta VAT da ta kwastan. Mutum yana iya biyan na majalisa shekara ashirin ba fashi, ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali ko sau ɗaya bai taɓa biyan na GRA ba. Ku ware rasit ɗin gida biyu kafin ku tafi.

Idan har aka ce akwai bashi, a takarda ake faɗa, da sunan mai biya da shekarar da adadin, kuma ta banki ko ta dandalin Ghana.gov ake biya, a sami rasit na hukuma. Dokar gudanar da haraji ta 2016 ta ba wanda bai gamsu da ƙiyasin da aka yi masa ba kwana talatin ya rubuta ƙorafi, sai dai a ƙa'ida ana so ya fara biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ake jayayya a kansa. Hukumar da take da irin wannan tsari a rubuce ba ta aiko mutum guda ya yi cinikin bashi a bakin kanta.

Alhaji Tanko Asawase:
Ina yi muku ta'aziyya. Alhaji abokina ne tun muna sayar da goro a tasha kafin ya koma harkar yadi. Malam Yakubu, na ji bayaninka, kuma ban musa iliminka ba, amma ina da ja a kan aika yaran nan ofis. Wanda ya kai kansa mahauta ba ya tuhumar wuƙa. Yau babu wanda ya san da su, gobe za su je su tayar da fayil ɗin da ke kwance, a fara tambayarsu cinikin shekara biyar, a yi musu ƙiyasin da bai dace da su ba. Tunda an gane mutumin nan ɓarawo ne, a kore shi a yi shiru.

Malam Yakubu Akanta:
Baba Alhaji, da girmamawa nake amsa maka, domin tsoron da ka faɗa ba daga iska ya zo ba. Ƙiyasi yana yi wa mutum nauyi ne idan ba shi da littafin da zai nuna, saboda ma'aikaci sai ya dubi girman shago da yawan kaya ya yanka abin da ya ga dama, kai kuma ba ka da abin mayar da martani sai rantsuwa. Doka ta ce a ajiye takardun kasuwanci aƙalla shekara shida, kuma wanda ya ajiye ɗin shi ne yake zama a gaban tebur yana magana da ƙarfinsa. Amma shirun da ka ba da shawara yana da tsadar da za ta faɗa kan mutum ɗaya. Idan aka raba dukiya yau, kowa ya kama gabansa, bayan shekara biyu takardar bashi ta zo da kuɗin ruwa a kanta, wanda ke zaune a shagon shi kaɗai za a kama, kuma ba zai iya bin ƙannensa gida gida yana karɓo abin da suka riga suka ci ba. Sanin adadin yanzu kariya ce ga babban wan kafin kowa.

Malam Nuhu Sawaba:
Allah ya gafarta wa Alhaji. Ina goyon bayan a je a bincika, kuma dalilina daga ɓangaren rabon gado ne. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi, saboda haka ba a yin lissafin tumunin uwa, balle rabon 'ya'ya, sai an san abin da ke kan mamaci. A gidanku, idan iyayen marigayi ba sa raye, bayan an fitar wa mahaifiyarku kashi ɗaya cikin takwas, sauran za a kasa shi goma, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Wannan lissafi ba shi da wuya. Mai wuya shi ne sanin abin da ake kasawa. Ku yi cigiya a masallaci da cikin layin Alabar cewa duk mai bin Alhaji bashi, ko wanda ya ba shi ajiya, ya zo da shaidarsa, domin dattawan kasuwa irinsa mutane suna ba su amanar kuɗin aure da na Hajji, kuma wannan kuɗi ba na magada ba ne ko da a aljihun shagon aka same shi.

Game da farashi kuwa, ɗan kasuwar da yake jujjuya haja idan zai fitar da zakka, kuɗin da kayan suke yi a kasuwa ranar ƙirga yake dubawa, ba kuɗin da ya saro su ba. Ina ganin wannan ma'auni ya fi kusa da adalci a nan.

Hajiya Mariya Kejetia:
Malam ya taɓo inda nake jira. Sani, ka gaya wa yayanku cewa farashin sari zai cuci wasu, kuma watakila shi ne zai fara cutuwa. A kowane shagon atamfa kaya iri uku ne. Akwai mai tafiya, wanda ko sati biyu ba ya yi a kanta, kuma shi yau ya fi kuɗin da aka saro shi. Akwai mai jan ƙafa, wanda sai sallah ko lokacin biki yake motsi. Akwai kuma kwantai, zanen da yayinsa ya wuce, wanda idan ka zaro turmin daga ƙasan jeri za ka ga layin ninkin ya koɗe saboda rana da ƙura, kuma ko rabin kuɗinsa aka ba ka sai ka yi godiya. Idan aka yi wa kwantai kuɗin sari, yayanku ya sayi asara. Idan aka yi wa mai tafiya kuɗin sarin bara, 'yan'uwansa mata aka tauye. Kowa ya tuna yadda tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a ƙarshen 2022, lokacin da farashin safe ba ya kai yamma, don haka lambar da ke cikin tsohon littafi ba ta gaya maka abin da turmi yake yi yau.

Ku nemo mutum biyu masu wannan sana'a da ba su da rabo a gadon, ɗaya yayanku ya zaɓa, ɗaya mata su zaɓa, a rufe shago yini guda a sauke komai, a ƙirga turmi turmi da bandir bandir, har guntayen yadi.

Sani Alabar:
Na gode, Hajiya. Akwai wani abu da ya ɗaure min kai a littafin bashin Baba. Na ga inda ya rubuta sunan wata mai ɗinki, a gabansa ya sa miliyan 50, kuma kwanan watan na bara ne. Yayata ta Nima da ta ga hoton shafin ta ce ashe akwai dukiyar da ake ɓoye mata.

Hajiya Mariya Kejetia:
Ka kwantar mata da hankali yau ɗin nan, kafin shaiɗan ya shiga tsakaninku. Alhaji da tsohon kuɗi yake ƙirga, kamar yawancinmu da muka girma kafin canjin kuɗi na 2007, lokacin da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Miliyan 50 ɗinsa sidi 5,000 ne na yau. Ku bi littafin shafi shafi, ku rubuta sabon adadi a gefen kowane suna da jan biro, kowa yana kallo. Sannan kada ku ɗauki duk abin da ke littafin a matsayin kuɗi a hannu. Bashin telan da yake zuwa duk wata yana ragewa daban yake da na wanda ya ƙaura Tamale shekara huɗu da suka wuce babu ko waya. Ku je wurin kowa ku tabbatar da bakinsa, domin za ku tarar wasu sun biya Alhaji a masallaci bai samu ya soke ba, wasu kuma za su ce sun biya alhali ba su biya ba.

Alhaji Tanko Asawase:
A kan ƙirga kaya da bashi ba ni da ja. Inda ba zan bi ku ba shi ne wannan magana ta sayar wa yaro masu saye. Mutanen da ke zuwa daga Bawku da Wa su sauke kuɗinsu a gaban Alhaji ba tare da sun ƙirga canji ba, Alhaji suke bi, ba bangon shago ba, kuma wannan yarda an binne ta tare da shi. Idan wasu sun ci gaba da zuwa, to saboda babban ɗan ne, wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe ƙofar nan da asuba yana ɗaukar kaya a ka, ba tare da an taɓa yanka masa albashi ba. Yanzu a ce ya sayi gumin kansa daga hannun ƙannensa da suka yi makaranta da kuɗin wannan shago? Wannan bai kwanta min ba.

Malam Yakubu Akanta:
Baba Alhaji, wannan magana taka tana da nauyi, kuma lissafi mai kyau dole ya ba ta wuri. Ga yadda nake yi idan aka kawo min irin wannan. Ana duba abin da shago ya bari a shekara bayan an cire kuɗin kaya da haya da wuta da albashin yaro da haraji, kuma ana duba shekara uku ne, ba shekarar da ta fi kyau ba. A misali kawai, a ce ya bar sidi 60,000. Sai a tambaya nawa za a biya baƙo a wata ya yi aikin da babban wan yake yi. Idan 2,500 ne, to 30,000 na shekara ladan aikinsa ne, ba ribar shago ba, kuma babu mai sayar masa da shi. Ragowar 30,000 ita ce abin da jari da wuri suke haifarwa, kuma a kanta ake ciniki, ko ribar shekara biyu ko ta uku, gwargwadon yadda ake ganin masu saye za su tsaya bayan Alhaji. Idan yawancin ciniki na mutum biyar ne da suka san marigayi, a rage. Idan na masu wucewa ne da titi yake kawowa, a ƙara.

Abin da za a kiyaye shi ne ƙirga abu guda sau biyu. Wasu sukan haɗa kuɗin kaya da kuɗin gudwil, wato na darajar wuri da masu saye, da ribar shekara uku gaba ɗaya, alhali ribar daga kayan da wurin take fitowa. A yi lissafin ta hanya biyu, ɗaya ta kaya da bashi da darajar wuri bayan an cire abin da 'yan sari ke bi, ɗaya ta riba, sannan a ajiye su kusa da juna a ga inda suka haɗu.

Hajiya Mariya Kejetia:
Wurin dai kuɗi ne, Alhaji Tanko, ko mun so ko mun ƙi. Bayan gobarar kasuwar Adum ta watan Maris na 2025 na ga manyan 'yan kasuwa suna yawo layi layi suna neman ko rabin rumfa, da kuɗinsu a hannu. Amma Sani, kafin ku sa wa wurin farashi ku nemo takardar haya. Idan ginin ba na Alhaji ba ne, darajar wurin tana rataye da yardar mai gida. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba zuwa wata shida, amma kowa ya san a kasuwa shekaru ake karɓa, saboda haka ku duba shekara nawa ya biya, nawa suka rage, kuma ko mai gidan zai mayar da takardar da sunan yayanku ba tare da ya nemi sabon gudwil ba. Idan zai nema, to abin da 'yar'uwarku take kira dukiya aljihun mai gida zai tafi. Kuma tun da na ambaci gobara, ka ɗauki hoton kowane shafi na littattafan nan da waya ka tura wa dukkan magada, domin na san waɗanda littafin bashinsu ya ƙone suka rasa abin da za su nuna wa kowa.

Sani Alabar:
Iyayena, mun dawo daga ofis ni da Yaya. Babu mai wannan suna a cikin ma'aikatansu, kuma babu wata takardar rufe shago. Baba yana biya duk wata uku, har rasit ɗin da muka kai sun dace da abin da ke kwamfuta, sai dai zango uku na ƙarshe da ya kwanta ciwo ba a biya ba, kuma duka da kuɗin jinkiri sun kama sidi 2,100. Mun biya a banki mun karɓi rasit, za a cire daga dukiyar kafin rabo kamar yadda Malam Nuhu ya ce. Sun gaya mana cewa Yaya zai ci gaba da lambarsa ta kansa, ya riƙa kai bayanin shekara kafin ƙarshen Afrilu. Mutumin ya kira da azahar yana tambayar ko mun shirya, Yaya ya ce masa ya same mu a ofis ɗin, sai ya kashe waya. Na kai lambarsa 292.

Takardar hayar ma ta fito daga ƙarƙashin sallayar da ke cikin akwatin Baba, kuma saura shekara biyu da wata huɗu. Yaya ya yarda a ƙirga kaya da farashin yau, kuma 'yan'uwana mata sun yarda a fitar masa da ladan aikinsa, amma har yanzu bai amince da ribar shekara uku ba, yana cewa ɗaya. Baba Alhaji Tanko, Yaya ya ce kai yake so ka tsaya masa ranar ƙirga. Hajiya, mata sun zaɓe ki. Idan Asabar bayan sallar asuba ta yi muku, za mu sauke kayan kafin kasuwa ta cika, mu kuma je wurin mai gidan da la'asar.

Alhaji Tanko Asawase:
Zan zo in sha Allahu. Ka ce wa yayanku ya fito da littattafan shekara uku, har da ƙaramin nan mai baƙin bango da Alhaji yake sawa a aljihun gaba, domin a cikinsa yake rubuta mutanen Bawku.